Kwalbar Iska da Esansin Suruki

Ƙarfe bakwai da kwata na safe ne, a garejina da ke bayan tashar Tasawa. Mu uku ne a wurin: ni, da ɗana na fari, da taubashina, ɗan kawuna, wanda direba ne. Shekarar ce ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba, kuma sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Daga wannan safiya komai ya faro, don haka daga ita zan fara, in bi abubuwa yadda suka zo.

Ni makanike ne na tsohon yayi. Ban yi nisa a lekol ba, wato makarantar boko, amma in inji ya yi tari ina sanin inda ciwonsa yake. Sai aka fara shigo da motoci masu wani ƙaramin akwati a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Shi ke auna esansi, wato fetur, da inji zai sha, shi ke faɗa wa buji, wato fulogi, lokacin da zai ba da wuta. Ba a gyara shi da sifana. Ɗana ya yi shekaru a wani babban birni can arewa, bayan hamada, a garejin da 'ya'yan masu hali ke kai motocin tsere, kuma aikin akwatin nan ya koya. Ya dawo gida bayan kakar da ba a yi ba, da kwamfuta a jaka da wata doguwar kwalbar ƙarfe naɗe cikin bargo.

Bai ce mani komai game da zamansa ba. Ƙanwarsa ya faɗa wa, ita ta faɗa wa uwarsu, uwarsu ta faɗa mani: in ya ga aikinsa zai ci a nan zai zauna, in bai gani ba zai koma kafin ruwa ya sauka. Ina son ya zauna fiye da yadda nake son komai a wannan shekara. Amma ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, kuma ba ni da bakin da zan ce masa kada ya tafi. Haka muka tashi muka tarar, haka muke.

Taubashina yana da buɗaɗɗiyar mota mai shan esansi, irin mai akwatin nan. A shekarar, aikinsa ɗaukar dusa da angurya ne daga Tasawa, ya bi ta Mayahi, ya kai rijiyoyin arewa inda makiyaya suka tara abin da ya rage masu na shanu. Bayan Mayahi, inda hanya ke fita daga cikin gulbi, akwai wani tudun rairayi. Babu motar da ke hawansa da cikakken kaya. Sai a sauke rabi a ƙasa, mota ta hau, mutane su kwaso sauran buhunan a ka. Rabin yini ke tafiya a nan, da rana tsaka, da cikin da babu komai.

Wannan safiya ya kawo mani motar ne, kulacinsa ya ƙone a karo na biyu saboda tudun.

"Bawana," ya ce mani, don haka yake kirana tun muna yara, "ka sake sa mani kulacin kwali ko? Ina sane da kai, so kake in riƙa ciyar da gidanka."

"Ƙafarka ce ta jaki," na ce. "Ko kulacin jirgi aka sa maka sai ka cinye shi."

Ɗana yana durƙushe gaban motar yana kallon injin. Bai ɗago ba ya ce, "Kawu, in kana so, motar nan za ta hau tudun da kayanta duka."

"Da me? Da addu'ar ubanka? Ai ta kulaci ma ba ta ci ba."

Ɗana ya shiga ciki ya ɗauko kwalbar, ya kwance bargon. Ya ce wata iska ce a ciki, irin wadda likitan haƙori ke shaƙa wa mutum. In aka fesa wa inji ita, wutar cikinsa na ƙaruwa, ya yi ƙarfin da ba nasa ba na ɗan lokaci.

"To ni ka shaƙa mani mana," in ji taubashina. "Ni nake ɗaukar buhunan."

Na tambayi ɗana abin da ya kamata a tambaya. In iskar ta ƙare fa? Ya ce akwai mai cikawa a Kano, kuma tunda a tudu kaɗai za a buɗe ta, za ta daɗe. In injin ya fashe fa? Ya ce aikin ƙwaƙwalwar ke nan, ita za ta tsare shi. Ya bayyana mani a tsare, kuma na ji daɗin tsarin. Na farko, iskar ba za ta buɗe ba sai ƙafa ta kai totur ƙasa kuma inji ya riga ya ɗauki gudu. Na biyu, da ta buɗe, akwatin zai ƙara esansi, don iskar ba ta tafiya ita kaɗai, in ba haka ba ƙarfe za ta ci. Na uku, akwatin zai jinkirta wutar buji kaɗan. Bayan haka zai rufe iskar da kansa, ko direba ya so ko bai so ba.

"Tsawon wane lokaci?" na ce.

"Gwargwadon Fatiha ɗaya, Baba."

"Tawa ko ta limamin tasha?" in ji taubashina. "In tasa ce sai mu kai Agadas."

Ɗana ya yi dariya. Tun dawowarsa ban ji dariyarsa ba sai ranar.

Mun yi kwanaki muna aikin. Ni na haɗa mariƙin kwalbar a bayan kujera, na ja siririn bututu zuwa bakin injin, na ɗaure kowace mahaɗa da hannuna. Shi kuma yana zaune da kwamfuta a cinya, waya ta taso daga ita ta shiga ƙarƙashin sitiyari, yana canza lambobi cikin wasu ƙananan gidaje masu launi. Yakan ce, "Baba, taka kaɗan. Riƙe nan. Saki." Ina takawa, ina saki. A rayuwata ban taɓa karɓar umarni a garejina ba, kuma ban ji nauyin wannan ba. Wani lokaci ya tambaye ni yadda na ji muryar injin, in na ce ta yi kauri sai ya duba allon ya ce haka ne. Ya ce kwalbar ba ta son zafi, sai na ɗinka mata rigar buhu, muna jiƙa ta kamar ta tulu.

Abu ɗaya ya nanata wa taubashina har sau da yawa. Lissafin duka a kan esansin famfo ya yi shi, na gidan mai. Kada a zuba wa motar na kwalba na bakin hanya, wanda ake tsallakowa da shi daga iyaka, don ba a san abin da aka gauraya a ciki ba. Mota haka kawai tana iya haƙuri da shi. Mota mai iskar nan ba za ta iya ba.

"Na ji, malam injiniya," ya ce. "Ta zama amarya, sai abincin gidan mai."

Muka gwada ta a rairayin bayan gari, da farko babu kaya, daga baya da rabin kaya. Da iskar ta buɗe sai motar ta zabura kamar an tsikari doki. Direbobin tasha suka fito kallo. Kafin la'asar wasu daga cikinsu sun zo gareji suna zagaya motar, suna tambaya ko tasu ma za ta karɓa. Duk suka ce sai sun ga tudun Mayahi tukuna. Da yamma na ga ɗana yana auna kusurwar gareji da taku. Ƙanwarsa ta ce ɗaki mai ƙofa yake so ya gina a nan, don ƙura kada ta shiga kwamfutar. Washegari na kwashe tarkacen da ke kusurwar.

Ranar kasuwar Mayahi muka tashi, mu ukun, da cikakken lodi. Taubashina ya sha mai a famfo a gaban idonmu, rabin tanki, don direban rairayi ba ya cika tanki, nauyi ne. Hanya duk gonaki ne fayau, karan bara ma an tsince. A shingen shiga gari sojoji suka ga kwalbar suka ce a buɗe. Ɗana ya yi masu bayani da Faransanci, babbansu ya ɗaga kafaɗa ya ce mu wuce.

A Mayahi muka rabu na ɗan lokaci. Ni da ɗana muka sauka a bakin kasuwa don mu sami ruwan jiƙa buhun kwalbar mu kuma sa wani abu a ciki. Taubashina ya ce zai kai wa surukinsa, uban matarsa, buhun dusa ɗaya saboda awakinsa, ya gaishe shi ya dawo.

Abin da ya faru a ƙofar gidan tsohon ban san shi ba a ranar. Sai bayan lokaci mai tsawo na ji. Amma a nan ya faru, don haka a nan zan faɗe shi.

Tsohon yana da tebur a ƙofar gida, yana sayar da esansi a kwalabe. Idonsa ya yi rauni, hancinsa ma haka, kuma a shekarar masu kawo masa suna ƙara kananzir don ya yi auki. Taubashina ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya gaishe shi kansa a ƙasa. Tsohon ya shafa buhun dusar. Sannan ya ce rumbunsa babu ko zangarniya, ba shi da abin da zai mayar, amma ba za a kawo masa alheri a shekara irin wannan a koma hannu wofi ba. Ya tashi da kansa, ya ɗauko bido, wato jarka, cike, ya lalubi murfin tankin, ya juye. Taubashina yana durƙushe yana kallon ƙasa. Mutumin da bakinsa bai taɓa barin kowa ba a tasha, abin da ya iya cewa shi ne, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Ba a ce wa suruki kayanka ba su da kyau. Ba a riƙe hannun suruki. Ya ce a ransa na famfon da ya rage zai rinjayi wannan.

Ya dawo ya ɗauke mu. Na lura bai tsokane ni ba, na ɗauka tudun yake tunani.

Muka gangara cikin gulbi, cikin goriba da kaba. A gindin tudun muka rage iskar tayoyi. Makiyayan da suka saba taya shi kwasar buhu suna zaune a inuwa, suka taso za su fara saukewa, ya ce su bari. Suka koma gefe suna kallon juna. Ɗana ya buɗe bakin kwalbar, ya zauna a tsakiya da kwamfutar a cinya, ni ina bakin ƙofa.

"Bismillah, Kawu. Giya ta biyu. Kada ka ɗaga ƙafa."

Muka taso da gudu. Motar ta kama tudun, ta fara nauyi inda ta saba, sai iskar ta buɗe. Bayana ya manne da kujera. Muka wuce wata busasshiyar goriba wadda taubashina ya ce bai taɓa wuce ta da kaya ba. Ina jin makiyayan suna ihu a baya. Na ga kan tudun, na ga sararin da ke bayansa. Sai wata ƙara ta taso daga injin, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ɗana ya ce, "Saki! Saki!" Kafin ƙafar ta ɗagu an yi wani tas, farin hayaƙi ya turnuƙo ta ƙarƙashin bonet, motar ta tsaya. Abin da ya rage mu kai sama bai fi jifa da dutse ba.

 Na sauka na buɗe bonet, na jira ya huce, na kwance buji. Bakin biyu daga ciki ya narke kamar alewa. Na miƙa wa ɗana. Ya juya su a tafin hannunsa, ya koma ya daɗe yana kallon allon.

"Ni ne," ya ce. "Wutar ce ban jinkirta ta yadda ya kamata ba. Da rabin kaya na auna, ban auna da zafin nan da nauyin nan ba. Kawu, ka gafarce ni. Na kashe maka mota."

Taubashina yana tsugune a inuwar motar, ya rufe fuska da hula. "Ƙaddara ce, ɗana," ya ce. Bai ƙara ba. Na ɗauka baƙin cikin motarsa ne ya ɗaure masa baki.

Aka nemo amalanke daga ƙauyen kusa aka kwashe kayan. Motar ta kwana biyu a tudun. Esansin da ke tankin aka zuƙe shi aka ba masu babur da suka yi ta kai da kawo wajen nemo motar ja, don haka da ta iso garejina tankin a bushe yake, babu abin da zan sansana. Muka sauke kan injin. Piston ɗaya ya huje, ana ganin haske ta cikinsa. Ɗana ya ɗaga shi ya duba, ya ajiye a hankali, ya je ya wanke hannu.

Tasha ba ta da tausayi. Kafin mako ya zagayo an sa wa motar suna, an ce ta sha iska ta bugu. In ɗana ya wuce sai wani ya ce, "Injiniya, akwai saura? Jakina ba ya hawa tudu." Direbobin da suka zo tambaya ba su sake leƙowa ba. Taubashina bai nemi komai a wurinmu ba, ya ce shi zai nemo injin kwance ya sa. Wannan ya fi yi wa ɗana ciwo. Da ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya daina buɗe kwamfutar. Yana zuwa gareji, ya wanke mani ƙarafa, ya miƙo sifana, ya koma gida.

Wata safiya, bayan na dawo daga masallaci, ya durƙusa a bakin zaure.

"Baba, zan koma."

Akwai maganganu a bakina. Ina so in ce inji ɗaya ne, na fasa nawa da yawa kafin in iya. Ina so in ce kusurwar tana nan. Abin da ya fito shi ne, "To. Allah ya kiyaye hanya. Ka riƙe salla."

Uwarsa tana cikin ɗaki, ba ta fito ba, ita ma ɗan farinta ne. Ƙanwarsa ce ta yi kukan a madadinmu. Na raka shi tasha a matsayin wanda ke da wani aiki a can. Babbar motar da zai shiga na zagaya ta, na bubbuga tayoyinta ɗaya bayan ɗaya, na ce wa direban na baya na hagu yana son iska. Shi ke nan abin da na yi masa. Kwalbar ya bar ta, kwamfutar ya tafi da ita.

Watannin farko yana kiran ƙanwarsa, ta sa a lasifika, mu muna gefe kamar ba sauraro muke ba. Ya ce ya koma garejin, amma wankin inji yake yi, ya bar aikin akwati. Daga baya ƙasar da yake ta rikice, lambarsa ta daina shiga. Mutanenmu suka riƙa dawowa cike cikin manyan motoci, da katifu da bokitai. Duk motar da ta tsaya a Tasawa ina wurin. Wani ya ce ya gan shi a wani gari bakin teku. Wani ya ce ya ji ya tsallaka wata ƙasar ta yamma. Ba wanda ya ce ya ga gawarsa, kuma ina riƙe da wannan.

Tsohon nan na Mayahi ya rasu bayan damina biyu. Muka je gaisuwa. Bayan sadakar arba'in taubashina ya zo garejina da hantsi. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Taubashi ba ya tuɓe wa taubashi takalmi, don haka na ajiye abin da ke hannuna.

"Ɗan'uwa," ya ce, bai ce bawana ba. "Yaron nan bai yi kuskure ba."

Ya faɗa mani komai, daga buhun dusa har bido. Na saurare shi har ya gama. Sannan na yi tambayoyina. Bidon cike yake? Cike. Ka ji warin kananzir? Ya ce tun tsohon na juyewa ya ji. A tudun, da yaron ya ce shi ne, me ya hana ka magana?

"A gaban makiyaya? Kafin magariba Mayahi duka ta ji cewa uban matata yana sayar da gurɓataccen mai. Teburin nan shi kaɗai ke ciyar da gidan. Na ce in mun koma gida zan faɗa. Da muka koma na ce sai ƙura ta lafa. Kullum in na zo bakin garejin nan sai in ga fuskar tsohon yana laluben murfin tanki. Sai na ji yaron ya tahi." Ya share ido da hannun riga. "Kai da kai ne durƙushe gaban naka surukin, me za ka ce mashi?"

 Na san abin da zan ce, na gode zan ce. Ban zage shi ba, ban kuma ce na yafe ba, don ba ni aka yi wa ba. Muka zauna har aka kira azahar. Tun ranar muna gaisawa, muna zuwa suna da jana'iza a gidajen juna, amma wasan ya mutu.

Da dare ya yi ban iya faɗa wa uwarsa ba, sai da safe. Ta ji, ta ce, "Ashe da gaskiyarsa." Ta ɗauki tsintsiya ta shiga sharar tsakar gidan da ta riga ta share.

Yanzu na tsufa, idona ba ya ganin zaren ƙusa, kuma ƙafata ba za ta kai ni arewa ba. Ku kuna tafiya, 'ya'yanku suna tafiya. Don haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In ka shiga wani gareji a can, ka tarar da Bahaushe dogo, mai tabon ƙuna a bayan hannun dama, mai maganar Tasawa, ka tambaye shi ko ya taɓa sa wa motar kawunsa iska a tudun Mayahi. In ya sunkuyar da kai, shi ne. Ka faɗa masa abu uku, a jere, kada ka sauya. Lissafinsa daidai ne. Man da ke tankin ne aka gauraya, kuma kawunsa ya faɗa da bakinsa. Uwarsa tana raye. In ya tambaye ka wa ya aiko ka, ka ce ubansa ne, kuma ubansa ya ce ya dawo gida.